Gero Mai Gemu

Asabar, bayan azahar

Tsuntsayen nan jan-baki sun sauka. Da idona na gan su yau da sassafe daga kan katanga, sun taso daga kyauron bakin Gulbin Ka kamar hayaƙin gobara, sunka yi kwana a sama, sunka faɗa gonar Yaya Mainasara. Gero ya fara ido, ƙwaya ta cika nono, daidai yadda suke so.

Na gaya wa Inna. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce geron ga wanda ya shuka shi zai tarad da shi cikin rumbu, ko da dami ɗaya ne. Haka take cewa, wanda ya shuka shi. Yaya ɗan fari ne, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanshi a bakinta ba.

Matsalar ita ce, tun ranar da 'yan bindiga sunka tafi da Yaya mai unguwa ya sa doka: ba mai fita gona sai rana ta ɗaga, kuma kowa ya dawo kafin la'asar. Su kuwa jan-baki ba su cin abinci sai da sassafe da yamma lis. Wato lokacin da muke gona suna hutawa a inuwa, lokacin da muke gida suna biki.

Na ce wa Inna ta bar mini. Ni Shitu, da na sa ladan ya yi tsalle a ƙofar masallaci saboda kwaɗon da ya tarar cikin takalmi, ni da na sa Anwar ɗan Baffa ya bi gari gida-gida shina cigiyar akuyar da ba a haifa ba, tsuntsun da kanshi bai kai ƙwallon magarya ba ne zai gagare ni?

Turai, matar Yaya, ta ce daga bakin murhu wai a ɗaure ni tsakiyar gonar kawai, munina ya isa ya kori har shamuwa. Na buɗe baki zan rama da wasan da na saba, cewa ta yi hankali don ni ne mijin gobe. Sai na haɗiye.

Lahadi, gab da la'asar

Na ja igiyoyi daga wannan kai na gona zuwa wancan. Na rataya gwangwanayen madara da na tumatir, kowane da tsakuwa a ciki, na ɗaure bakin igiyoyin a reshen marken da ke tsakiya. In iska ta kaɗa reshe, gona duka ta ɗauki kwaram-kwaram kamar akwai yara goma suna tsaro. Na ƙara da baƙar leda a kan sanduna. Har na ji tausayinsu.

Litinin, da hantsi

Ba su taɓa ko zangarniya ɗaya ba. Na shigo gida ina taku kamar ango. Turai ta ce in bari a kwana biyu.

Laraba, bayan la'asar

Wallahi abin dariya, kuma abin haushi. Na tarad da kashinsu a kan igiyar. A kan igiyar! Wato sun maishe ta wurin zama.

Na laɓe cikin sabara don in ga yadda sunka yi, na ɗan wuce lokaci kaɗan. Garken ya zo ya cika marke, ba wanda ya sauka. Sai guda ɗaya, mai guntuwar wutsiya, ya sauko shi kaɗai ya zauna kan gwangwani. Iska ta kaɗa, gwangwani ya yi ƙara, ya tashi, ya dawo. Ya sake, ya dawo. A na ƙarshe ko motsi bai yi ba, ya karkata kai shina leƙen cikin gwangwanin, kamar mai cewa ashe tsakuwa ce. Ya yi ɗan kuka, sai sauran sunka zubo.

Na sa mishi suna Guntu. Ɗan banzan nan ya gwada ni ne, yadda nike gwada mutum kafin in shirya mishi tsiya.

Inna ta tsaya bakin zaure har na dawo. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi ya fi.

Alhamis, bayan la'asar

Sabuwar dabara: rediyon Yaya. Na sa shi cikin tukunya don murya ta yi kauri, na rufe da ganye, na bar shi shina ta magana a gona. Tsuntsu dai ya san muryar mutum.

Jumma'a, bayan masallaci

Ya yi aiki, amma mai unguwa ya kira ni gefe ya ce in je in ɗauko shi yanzu-yanzu. Ya ce murya a gona ba tsuntsu kaɗai ke jin ta ba.

Na ɗauko. Da na isa ma na tarad da Guntu a bakin tukunyar, ana ta labaran duniya shi kuma shina gyaran gashi.

Asabar, da safe

Ba a fita ba yau.

Lahadi, da safe

Yau ma. An ji harbi, amma ba kusa ba. Turai ta hau tudun bayan makabarta da waya, inda ake samun layi. Ta dawo ta shiga ɗaki.

Litinin, bayan azahar

Mun yi musu da Anwar a zaure har Baffa ya leƙo. Anwar ya yi karatu a Gusau kafin a rufe hanya, kuma shina son a tambaye shi abu. Na ba shi labarin Guntu, na ce tsuntsun ga tunani yake.

Ya ce ba tunani ba ne. Ya ce malaminsu ya koya musu cewa halittu suna canzawa a hankali, daga iyaye zuwa ɗiya. Cikin garke akwai mai tsoro, akwai mai ƙarfin hali. In ƙarfin hali ne ke kawo ƙoshi, masu shi su rayu su yi ƙwai, masu tsoro su ƙare. Bayan shekaru sai ka ga duk garken ya zama marar kunya, ba don wani tsuntsu ya zauna ya yanke shawara ba. Kamar rariya, in ji shi: abin da ya wuce ya wuce.

Na ce na yarda da rariya. Amma ran Litinin duk garken matsorata ne, ran Laraba duk sun zama ɓarayi. Ƙwai nawa sunka ƙyanƙyashe tsakanin Litinin da Laraba? Ya ce wannan koyo ne, daban yake da gado. Na ce to in uwa ta koya, ta kai ɗiyanta gonar da ta koya, sunka ƙoshi sunka rayu, wa ya riƙe rariyar, ita ko iska?

Ya ce zai yi tunani. Na ce ya je ya tambayi Guntu, ya fi shi saurin haddace darasi. Ya jefe ni da takalmi.

Malaminmu na allo ya taɓa ce mana dabbobi da tsuntsaye ma jama'a ne irinmu. Lokacin na ɗauka don mu daina harbin kurciya ya faɗa.

Laraba, da hantsi

Na gane su. Duk abin da ya tsaya wuri ɗaya, ko ya yi abu iri ɗaya, Guntu zai karance shi. To sai a ba shi abin da ba ya karantuwa.

Na yi mutum-mutumi, amma ba irin na yara ba. Kara da ciyawa, kafaɗu sosai, hannu ɗaya a ɗage da sanda. Kullum zan canza mishi wuri da tsayuwa: yau a tsaye a gabas, gobe a duƙe a yamma, jibi a jingine da marke kamar mai hutawa. Sauran tufa. Tsumma ba za ta ruɗi Guntu ba, sai rigar da ke da warin mutum. Na ɗauki shuɗiyar rigar noman Yaya da malafarshi daga bayan ƙyaure. Ban tambayi kowa ba. Aro ne.

Alhamis, gab da la'asar

Ha! Garken ya cika marke, Guntu ya sauko rabin hanya ya yi kwana ya koma. Ni kaina da na waiga daga nesa sai da gabana ya faɗi.

Asabar, gab da la'asar

Har yanzu ni ke sama. Yau na duƙar da shi kamar mai cire ciyawa. Ƙwaya ta fara tauri. In munka samu ɗan lokaci, mun ci.

Guntu shina zuwa ya zauna nesa kaɗan, ya yi ta kallo. Ni ina kallonshi daga sabara, shi shina kallon aikina. Ban taɓa samun abokin wasa irin wannan ba, duk garin ga.

Lahadi, bayan magariba

Mata sun fita ɗiban yakuwa da hantsi, da rakiya. Hanyarsu ta bi ta tudun da ake hango gonarmu. Ban san Inna za ta bi su ba. Ba ta fita ba tun ranar.

Ina cikin gona na ji an kira suna. Sunan Yaya. Da ƙarfi, har sau biyu. Ban gane muryar ba da farko, don ban taɓa jin sunan cikinta ba.

Ta yar da ƙwarya, ta yar da mayafi, ta keto gonar Baffa a guje, kara na yankar ƙafarta. Ta zo har gabanshi. Ta kama hannun rigar.

Ban iya rubuta sauran.

Litinin

Na cire mutum-mutumin.

Talata, da la'asar

Inna ta zuba mini tuwo kamar kullum, har ta ƙara miya.

Turai ce ta karɓi rigar. Na tsaya ina jiran zagi, na ma shirya wuyana. Ta kai rigar hancinta, ta ce rana ta cinye warin. Shi ke nan abin da ta ce. Ta ninke ta shiga da ita.

Alhamis, da safe

Ba fita. Gidaje uku na unguwar gabas sun ɗaure kaya sun nufi Anka. Gidan su Asma, maƙwabtanmu, sun ce Gummi za su, wurin dangi.

Daga kan katanga ina hango hayaƙin jan-baki shina sauka shina tashi a kan gonar. Ba igiya, ba rediyo, ba kowa. Su ci.

Jumma'a

Ba fita. Liman ya gajarta huɗuba.

Asabar

Ba fita.

Litinin, bayan azahar

Allahu akbar. Bari in bi a hankali.

An buɗe fita yau. Na tafi don in ga gawar gona, in zo in san yadda zan gaya wa Inna. Daga bakin gona kuwa haka ne: zangarniya tsaye fari fat, an sussuke ta tas, kamar ƙashin kifi. Na yi ta ratsawa. Sai hannuna ya goga wata ta soke ni. Na duba. Cike take, ƙwaya har ta fashe gefe. Na ga wata, ita ma. Nan ɗaya, can biyu, can gaba kunya guda kusan duka.

Duk masu gashi ne. Geron nan mai tsinin gashi a jikin zangarniya, wanda tsofaffi ke ce wa gargasa.

Sai na tuna. Da shuka Yaya ya karɓo iri cikin ƙoƙo daga wurin Hudu, dattijon Fulanin da rugarsu ke bayan gari, ya gauraya da namu. Da ya fitar da kai munka yi ta dariya. Ni na sa mishi suna gero mai gemu, na ce Yaya ya shuka malamai a gona, har nakan tsaya in gaishe su da an wuni lafiya Alaramma. Yaya ya ce in yi ta yi.

Gashin ne ke tsone musu ido. Sun ci na aska, sun bar masu gemu.

Na yi gudu har gida, na manta ban da izinin gudu a gaban mutane yanzu, kowa ya miƙe tsaye. Na ɗora wa Inna zangarniya ɗaya a cinya. Ta murza ta a tafin hannu, ta hura, ta tauna ƙwaya. Ta ce saura kaɗan ya ƙosa.

Talata, da hantsi

Hudu ya dawo da sauran shanunshi cikin gari, yanzu a kangon gidan su Asma yake ɗaure su. Na ja Anwar munka je.

Na tambaye shi inda ya samo irin ga. Ya yi dariya, ya ce na innarshi ne, tun suna zaune wajen Bukkuyum bakin ruwa, inda jan-baki ke kwana. Ya ce da fari geronsu kamar na kowa ne, sai jefi-jefi ka ga mai gashi. Su kuma makiyaya ne, ba su da mai zaman tsaron gona. Kowace kaka tsuntsu ya ci abin da ya ci, innarshi ta tattara abin da ya rage ta ajiye iri. Abin da ya rage kuwa mai gashi ne. Shekara bi shekara, har gonar duka ta yi gemu.

"Mu ba mu zaɓi komi ba, ɗana," in ji shi. "Tsuntsu ya zaɓa muna. Mu dai shuka munka yi."

Anwar ya buga cinya ya ce wannan ita ce rariyar da yake faɗi, sak, ga ta a gonarmu. Na ce na gani, kuma ya yi gaskiya. Amma rariyar ga tana da fiffike. Tana da abin da take so da abin da take ƙi, tana leƙen gwangwani. Da jan-baki sun ga dama sun koma cin ciyawar fadama, da geron innar Hudu bai yi gemu ba har abada. Ashe tsuntsu ma manomi ne, shi ya ƙera geron ga da bakinshi.

Anwar ya ce to ai geron ma ƙera tsuntsun yake, tunda mai gajeren baki zai kwana da yunwa. Munka kalli juna. Hudu ya ce mu tashi mishi daga kan igiyar maraƙi, mu je can mu ƙarasa haukanmu.

A hanya Anwar ya ce zai so ya koma Gusau ya tambayi malaminsu wannan. Ya ce in an buɗe hanya. Duk maganar garin ga yanzu haka take ƙarewa.

Laraba, gab da la'asar

Ɗan banza. Ɗan banzan ƙwarai!

Na je duba masu gemu, na tarad da Guntu a jikin ɗaya. Bai sauka a kai ba kamar yadda sunka saba. Ya kama kara daga ƙasa, ya rataye kai ƙasa ƙafa sama, ya zura baki ta gindin zangarniya inda gashin ya kwanta, shina zaro ƙwaya ɗaya-ɗaya. Da wuya yake samu, sau da yawa gashi ya soke shi ya girgiza kai ya koma wata. Amma shina samu.

A reshen marke kuwa wasu sun jeru suna kallonshi. Ba su ci, ba su kuka. Kallo kawai, yadda muke zagaye Malam in zai wanke mana allo.

Ya kamata in ji tsoro, kuma na ji. Amma sai da na tafa mishi. Na rantse da a ce mutum ne da na ba shi hulata.

Na gaya wa Inna abin da na gani: yau shi kaɗai ne, gobe goma, jibi garke. Ta ce gero bai gama bushewa ba. Na ce ya bushe a tsakar gida, Inna, gonar ga makaranta ta zama. Ta dube ni, karo na farko tun ran Lahadin nan ta dube ni sosai. Ta ce wa Turai ta zagaya gidaje.

Alhamis, bayan la'asar

Gayya ta mata, don maza ba su da yawa yanzu. Inna, Turai, matan gidan Baffa, ni da Anwar, Hudu na tsaye kan tudu shina duba mana hanya. Ba waƙa, ba kiɗa, sai ƙarar wuƙa. Ba mu tsaya sare kara ba, kan kawai muke yankewa mu jefa buhu. Gashin ya cinye mana hannu, Anwar har da hawaye wai ƙaiƙayi ne.

A gefen yamma na ga uku sun rataye kai ƙasa. Uku, tun yau. Na ce wa Turai ta duba almajiran Guntu. Ta ce ai ba mamaki, duk gonar da na taka sai ta haifi shaƙiyyai. Ta yi dariya. Gajera ce, amma dariya ce.

Hudu ya ɗaga sanda tun rana ba ta karkata sosai ba. Munka kwashe abin da munka samu munka taho da sauri. Mun bar kusurwa ɗaya. Ban ji haushi ba. Ladar malami ce.

Asabar, da hantsi

Mun shanya a kan tabarmi, Turai na zaune da sanda saboda kaji. Ba shi da yawa. Ba zai kai mu bazara ba. Amma in an ɗaure zai yi 'yan dammuna, kuma rumbu ba zai kwana wofi ba.

Da safe Turai ta hau tudu, waya ta yi ƙara. Ba masu riƙe da Yaya ba ne.

Litinin, bayan azahar

Yau Inna ta fid da iri. Na zaci manyan za ta ɗiba, masu cika, waɗanda ba a taɓa ba. Sai na ga tana juya kowace zangarniya tana duba gindinta. Wadda ba alamar baki a jikinta ta ajiye gefen ci. Wadda aka tsattsaga gashin gindinta amma ƙwayar na nan, ita take warewa.

Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Wagga, tsuntsu ya gwada ta ya kasa. Waccan bai kai gare ta ba, ban san halinta ba."

Na zauna na taya ta. Ashe Guntu ya bi mana gonar ya sa hannu a kan na ƙwarai.

Da munka gama ta kira Turai ta ce ta kawo rigar. Turai ta shiga ta ɗauko. Inna ta shimfiɗa shuɗiyar rigar a ƙasa, ta jera irin a ciki, ta naɗe, ta ɗaure da hannuwan rigar. Ta miƙo mini ta ce in hau rumbu in rataye can sama inda ɓera ba ya kai. Ta ce kada wanda ya kwance. Wanda ya shuka shi ka kwance abinshi.

Ban faɗa mata na ji sunan a bakinta ba. Ita ma ba ta nuna ta faɗa ba.

Daga bakin rumbu ana hango marke. Garken na can, ana ta darasi a kusurwar da munka bari. Baɗi ɗiyan Guntu za su zo da sabon wayo, su tarad da ɗiyan geron ga da gemu ya fi na bana. Na ƙagara in ga wanda zai riga wani.

Na riga na shirya yadda zan ba Yaya labarin, tun daga gwangwani. Zan bari sai ya ci tuwon tukuna, sannan in tambaye shi ko ya ji gashi a maƙogwaro.